Kokowa: Tsofaffin hotuna da kasakasai na ƙarewa a Maraɗi

A shekarar 2022, an sayar da rigar da Diego Maradona ya sa a wasan Ajantina da Ingila na 1986 a kan kuɗi fiye da dala miliyan 9. Abin da ya ba ta wannan daraja shi ne ita kaɗai ce. A Turai da Amurka, masu tara irin waɗannan kaya na kukan cewa abin da ya saura ɓoye cikin gidaje sai raguwa yake.

Maraɗi ma na da nata kayan tarihin wasa. Ɗanta Yakuba Kantu ne ya ɗauki takobin farko na kokowar ƙasa a Tawa a 1975, kuma filin kokowar birnin sunansa yake ɗauke da shi. Amma wanda ya shiga unguwar Zariya neman hotunan ƴan kokowar wancan zamani, ko kaset ɗin makaɗansu, ko walki da layun da suka ɗaura, zai sha yawo.

Dalili na farko shi ne wurin ajiya. Zafi na lalata zaren kaset, gara na cinye hoto da tsohuwar jarida. Ɗakin ƙasa kuwa in ya faɗi da damina, da abin da ke cikin adaka yake tafiya, kamar yadda aka gani a ambaliyar 2024.

Na biyu, zamani ya juya. Da waya da memori suka shigo, mutane da dama sun watsar da kasakasansu, masu ɗaukar hoton fim kuma suka canza sana'a. Na uku shi ne rabon gado: magada kan kasa gona da dabbobi, hoton da ba a san mai shi ba sai ya zama shara.

Abin da ya rage yana hannun dattawa a cikin birni da garuruwa irin su Tibiri da Jiratawa. Mai irin wannan ajiya ya kamata ya ɗaga ta daga ƙasa, ya raba ta da laima, ya ɗauki hotonta da waya. Sannan ya nemi dattijon da ya ga wasan da idonsa, a rubuta sunan ɗan kokowar da shekarar a bayan hoton tun mai shaidar na raye.