Abin Da Ke Sa 'Yan Zabi Bin Kaza

Sanannen abu ne a ƙauyuka, idan mutum ya sami ƙwan zabi sai ya sa wa kaza ta kwanta a kai, domin zabuwa ba ta faye haƙurin reno ba. Bayan kwana 26 zuwa 28 su ƙyanƙyashe, su bi kazan nan sau da ƙafa, ba su san wata uwa ba sai ita. Wanda ya yi sake ya rabu da ita kuwa, in sanyi bai kashe shi ba shirwa ta sure shi. To, ina dalilin wannan biyayya?

Wani masani mutumin Ostiriya, Konrad Lorenz, ya bayyana a 1935 cewa irin waɗannan tsuntsaye, abin da suka fara gani yana motsi shi suke ɗauka uwa. Shi kansa 'yan dinya sun bi shi. Amma abin da ke aukuwa cikin kai, Gabriel Horn da abokan aikinsa na Jami'ar Kambirij a Ingila su suka tono shi.

Ƙwaƙwalwa dai cike take da ƙwayoyin jijiya, kuma tsakanin wata da wata akwai ɗan rata. In ɗaya za ta isar da saƙo sai ta fesa sinadari, ɗayar ta karɓe shi ta waɗansu ƙofofi ƙanana da ke jikinta. Cikin sinadaran akwai gulutamet, cikin ƙofofinsa akwai wadda ake kira NMDA. Wannan ƙofa tana da wuyar sha'ani. Toshe take da maganiziyam, ba ta buɗewa sai gulutamet ya iso alhali ƙwayar ta riga ta motsu. Sa'an nan kalsiyam ya shiga, zumuncin ƙwayoyin biyu ya ƙarfafa. Watau sai da shaidu biyu take yarda.

Mutanen Kambirij suka ƙyanƙyashe 'yan tsaki cikin duhu, suka nuna musu wani jan akwati yana juyawa, 'yan tsakin suka ɗauke shi uwa. A 1988 Brian McCabe da Horn suka ba da labari cewa ƙofofin NMDA sun ƙaru a wani ɗan yanki na gaban ƙwaƙwalwa, a gefen hagu kaɗai, ban da dama. Da aka toshe ƙofofin nan da magani, sai ɗan tsako ya kasa riƙe kamannin abin da aka nuna masa, ga shi kuwa idonsa lafiya lau.

Lokacin nan gajere ne, 'yan kwanaki kaɗan bayan ƙyanƙyasa ya wuce. A 2012 waɗansu masana a Japan suka gano cewa sinadarin wata tsoka ta wuya, wadda in ta kumbura ga mutum ake ce maƙoƙo, shi ke buɗe lokacin. Suka ba 'yan tsakin da lokacinsu ya riga ya wuce, sai ga su suna bin abin da aka nuna musu.