Noti ɗaya da ke iya kashe maka aksul: canza yok na Ford 8.8

Bayan bidiyon da muka yi kan sifanoni masu awo, da yawa sun tambaya me mutum zai yi da ƙaramar nan mai allura, tunda ko notin taya ba za ta ɗaure ba. To, ga aikin da ta ceci aljihuna.

A nan Amurka masu shiga daji da Jeep suna da wata al'ada. Idan aksul ɗin baya na Cherokee ko Wrangler ya gaza ɗaukar manyan tayoyi, sai a nufi wajen 'yan gwangwan a ciro na Ford Explorer ƙirar 1995 zuwa 2001. Shi ake kira Ford 8.8, saboda faɗin babbar giyarsa inci 8.8 ne. Yana da ƙarfi, ga birkin faifai, ga araha. Irinsa na sayo wa Cherokee ɗina.

Matsalar tana bakinsa. Can inda farfela ke haɗuwa da aksul, Ford faifan ƙarfe ya sa, ita kuwa farfelar Jeep yok take nema, wato ƙarfen nan mai kunne biyu da ke rungumar kuros. Ana sayar da adafta da ake ɗaurawa a kan faifan, ba sai an taɓa komai ba. Ni dai na zaɓi in cire faifan in sa yok, don dama sil ɗin wurin yana yoyon mai.

Kafin ka yi oda, auna kuros ɗinka. Mai lamba 1310 faɗinsa inci 3.219, na 1330 da na 1350 kuwa inci 3.625 ne, sai dai murafun 1350 sun fi kauri. A ido kamar ɗaya, a hannu ba sa shiga juna.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Noti guda ne ke riƙe yok a kan finiyon, ƙaramar giyar da ke juya babbar. Finiyon na zaune a kan boris biyu, a tsakaninsu akwai wani siririn bututu da aka ƙera don ya lotse kaɗan-kaɗan idan ana ɗaure notin. Yadda ya lotse shi ke nuna yadda boris suka matsu. In ya lotse, ya lotse ke nan, ba ya dawowa. Ka wuce gona da iri, boris su yi zafi su ƙone. Ka bar shi sako-sako, finiyon ya riƙa wasa, haƙoran giya su ci juna.

Na ga hakan da idona. Wani abokina ya yi wannan aiki da bindigar noti, ya danna har ta daina motsi. Ba a yi wata biyu ba motar ta fara kuka duk sanda ya ɗaga ƙafa daga totur. Da aka buɗe, boris sun tafi, sai da aka kwance aksul ɗin gaba ɗaya.

Shi ya sa awo ke zuwa kafin kwancewa. Cire tayoyi da birki, ɗora sifana mai allura a kan notin, ka juya a hankali zagaye da yawa. Abin da kake karantawa shi ne ƙarfin da ke sa finiyon ya ci gaba da juyawa, ba na tayar da shi ba. Rubuta lambar. A littafin Ford, tsofaffin boris inci-fam 8 zuwa 14 ne, sababbi 16 zuwa 29. Lura, inci-fam na ce. Sai ka tara 12 kafin ka sami ƙafa-fam ɗaya, don haka babbar sifanar nan mai ƙas-ƙas ba ta da abin yi a nan.

Sauran aikin ba wuya. Riƙe faifan kada ya juya, kwance notin, zaro faifan da fula. Ban da guduma, boris ne ke shan dukan. Sa tire a ƙasa don mai zai zubo. Canza sil, shafa masa ɗan mai, zura sabon yok, sannan sabon noti.

Daga nan sai haƙuri. Ɗaure kaɗan, auna. Ƙara kaɗan, sake aunawa. Dab da ƙarshe ɗan motsin hannu ma yana ɗaga allurar sosai. In lambar da ka rubuta ta yi ƙasa da 8, kai ta cikin 8 zuwa 14. In tana ciki ko ta ɗara, tsaya a kanta. In kuma ka zarce, kada ka sassauta notin ka ce ka gyara, sabon bututu za ka sa.

Wasu na yi wa noti alama da fenti su ƙirga zare. Wannan dabara ta wanda zai mayar da tsohon ƙarfensa ce. Sabon yok ba lallai kaurinsa ya zo daidai da na faifan ba, alamar sai ta yaudare ka.

'Yan uwa na Chadi da Saudiyya masu Hilux da Land Cruiser, da yawa daga cikin aksul ɗinku ma suna da irin wannan bututu, amma ku duba lambobin a littafin motarku.

Ni nawa na cika man giya, na ɗan zaga unguwa, na taɓa bakin aksul: ɗumi kawai, ba kuka, ba yoyo. Mako mai zuwa za mu auna kusurwar farfela da manhajar waya, mu ga ko za ta kama ƙafar ma'aunin gaske.