Rarraba faifan ajiya na sabar

Rarraba faifan ajiya shi ne kasa faifan kwamfuta zuwa ɓangarori masu zaman kansu kafin a ɗora babbar manhaja. A kan sabar ana tsara rabon tun da farko, domin sauya shi daga baya yana iya jawo asarar bayanai ko tsayar da aiki.

Tsarin rabo

Tsarin MBR ya fito a shekarar 1983. Manyan ɓangarori huɗu kawai yake ɗauka, kuma a yawancin faifai ba ya iya amfani da abin da ya haura terabayit 2. Tsarin GPT, mai tafiya da UEFI, yakan ɗauki ɓangarori 128, kuma shi ake amfani da shi a sababbin na'urori.

Ɓangarori a Linux

Akan ware ƙaramin ɓangaren EFI mai tsarin FAT32 domin tayar da na'ura, sai ɓangaren tushe inda babbar manhaja take zaune. Ɓangaren /home na fayilolin masu amfani ne, swap kuma yana tallafa wa ƙwaƙwalwar RAM idan ta cika. Ana keɓe /var saboda rahotannin aiki da rumbunan bayanai kullum ƙaruwa suke yi. Idan suka cika ɓangaren tushe, ayyukan sabar suna iya tsayawa.

Sauya girma

LVM yana ba da damar ƙara wa ɓangare girma daga baya, shi ya sa akan bar wani fili ba a raba ba. Ana iya rage girman ext4, amma XFS, wanda Red Hat Enterprise Linux ta mayar zaɓinta na asali a 2014, ƙara shi kawai ake yi.