Talabijin Mai Wayo: Ba Dole Ba Ne Ka Haɗa Ta Da Intanet

Ranar da ka fito da sabuwar talabijin daga kwali, tun kafin ka ga hoton farko za ta tare ka da tambayoyi: harshe, ƙasa, lambar sirrin Wi-Fi, sai wasu dogayen sharuɗɗa da Turanci waɗanda babu mai karantawa. Yara sun zagaye ka suna jiran kallo, sai ka yi ta danna "na yarda" don a wuce wurin. A nan ne ake ƙulla cinikin da ba ka san an ƙulla ba.

Yawancin irin waɗannan talabijin, har da na Samsung da LG, suna ɗauke da wata fasaha da ake kira ACR. Aikinta shi ne ta riƙa ɗibar samfurin hoto ko sautin abin da ke kan allo, ta aika wa kamfani, can a gane shirin da kake kallo da tsawon lokacin da ka yi a kansa. Ko ta dikodar DStv kake kallo, ko kwamfuta ka jona da wayar HDMI, tana iya gani muddin akwai intanet. Da wannan bayani ake zaɓo tallan da za a liƙa maka.

Ba zargi ba ne kawai. A shekarar 2017 kamfanin Vizio mai ƙera talabijin ya amince ya biya dala miliyan 2.2 bayan hukumar kula da kasuwanci ta Amurka, FTC, da jihar New Jersey sun tuhume shi da tattara bayanan kallo daga talabijin miliyan 11, daƙiƙa bayan daƙiƙa, ba da sanin masu su ba. A 2024 kuma kamfanin Walmart ya saye Vizio a kan dala biliyan 2.3, kuma kasuwar talla ce ta ja shi, ba gilashin allon ba. A 2024 ɗin dai masu na'urar kallo ta Roku suka wayi gari na'urarsu ta ƙi buɗewa sai sun yarda da sababbin sharuɗɗa. Kayanka, da kuɗinka, amma sai ka nemi izini!

Mu nan akwai ƙarin ciwo: data. Wanda ya haɗa talabijin da intanet ɗin wayarsa ya san yadda take zuƙe ta wajen sabunta manhaja da sauke talla.

Maganin ba wuya. Idan ta nemi Wi-Fi, tsallake. Masu Google TV akwai zaɓin "Basic TV" tun a farkon saiti. Idan ka riga ka haɗa, shiga saiti ka goge Wi-Fi ɗin, ko ka mayar da ita yadda ta fito daga kamfani. Eriya, dikoda da filasha duk za su yi aikinsu. Wasu samfuran ma ana iya sabunta manhajarsu ta filasha.

Gaskiya akwai abin da za ka rasa: YouTube da Netflix na cikinta ba za su buɗe ba. In ba ka iya haƙura da su, to aƙalla ka kashe "Viewing Information Services" a Samsung, ko "Live Plus" a LG. Kuma in mai shago ko yaron gida ne zai saita maka, ka tsaya a kansa, kada ya danna maka "na yarda" a bayan idonka.