Yadda Bayelsa Ke Shan Gaban Kano a Rabon Arzikin Ƙasa

Ƙidayar 2006 ta ba Kano mutum miliyan 9.4, Bayelsa kuwa miliyan 1.7. Amma idan kwamitin FAAC ya zauna raba kuɗin asusun tarayya a kowane wata, sau da yawa gwamnatin Bayelsa ce ke tashi da kaso mafi tsoka. Ta ina aka haihu a ragaya?

Wani zai ce a duba ƙananan hukumomi. To, Kano na da 44, Bayelsa 8 kacal. Ta wannan ƙofa Kano ce ke da riba, don haka amsar ba ta nan.

Sai mu leƙa ƙa'idar rabo tsakanin jihohi. Daga kason jihohi, kashi 40 cikin 100 ana raba shi daidai wa daida ga jihohi 36, ba ruwan kowa da yawan jama'a. Kashi 30 ne kawai ke bin yawan mutane. Sauran 30 na bin faɗin ƙasa da yanayinta, ci gaban al'umma, da ƙoƙarin tara kuɗin shiga na cikin gida. Nan aka samu bakin zaren: daga wancan kashi 40, abin da ya faɗo kan mutum ɗaya a Bayelsa ya ninka na Bakano fiye da sau biyar. Duk da haka, in wannan ne kaɗai, jimillar Kano ce za ta fi yawa.

Ashe tun kafin a fara rabon aka yanki wani kaso. Sashe na 162 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ce aƙalla kashi 13 cikin 100 na kuɗin albarkatun ƙasa zai koma jihar da aka haƙo su. Oloibiri, inda aka gano man fetur a 1956, a Bayelsa take. Kuma wannan haƙƙi daɗaɗɗe ne: a tsarin mulkin 1963 kashi 50 ne, ya yi ta raguwa har ya kai 1.5 a 1982, kafin a ɗaga shi zuwa 13.

Ke nan abu biyu ne suka haɗu: fetur ya ɗaga jimillar Bayelsa, ƙarancin jama'arta ya ƙara kumbura kason kowane mutum. Sauya ƙa'idar aikin hukumar tsara rabon kuɗin shiga ta RMAFC ne da Majalisar Tarayya. Kafin nan, Bakano da ɗan Bayelsa kowa ya tambayi gwamnansa inda kuɗin watan jiya suka shiga.