Shayin ganye mai ƙamshin lemun tsami: me ya sa ake rufe kofi?

A gidaje da yawa a Madalla, gindin Dutsen Zuma, za ka tarar da tsauri, ciyawar nan mai ƙamshin lemun tsami, an dasa ta kusa da rijiya ko bayan ɗaki. A Turai da Iran akwai wani ganyen mai irin wannan ƙamshi, ana kiransa melisa. Ɗan dangin na'a-na'a da daidoya ne, gajere, mai kaifi-kaifi a gefen ganyensa. Asalin tsirran biyu daban ne, amma sinadari ɗaya, sitral, ke ba su ƙamshin.

Melisa tsohon magani ne. Ibn Sina, wanda ya kammala littafinsa Al-Ƙanun a 1025, ya sa shi cikin ganyayen da ke faranta zuciya. Yau ma Hukumar Magunguna ta Tarayyar Turai ta amince da shansa a matsayin maganin gargajiya na 'yar damuwa, da rashin barci, da kumburin ciki. Ma'aunin da ta bayar shi ne giram 1.5 zuwa 4.5 na busasshen ganye a ruwan zafi mililita 150, sau 1 zuwa 3 a rana.

Wurin haɗawa ne ake yawan kuskure. Mun saba da sassaƙe da saiwa, masu bukatar a bar su kan wuta su daɗe suna tafasa kafin su saki abin da ke cikinsu. Ganye mai ƙamshi ba haka yake ba. Murza shi tsakanin yatsu, ka shinshina: ɗan man da ya fito wani ɓangare ne na amfanin, kuma zafi na taɓa shi sai ya bi tururi. Shi ya sa sirace ke aiki. Shi ya sa kuma in ƙamshi ya cika tsakar gida, an yi asarar abin da ya kamata ya zauna a kofi.

Saboda haka a tafasa ruwa shi kaɗai, a sauke, a zuba kan ganyen, a rufe da faranti minti 10. In an buɗe, a mayar da ɗigon da ya taru a farantin cikin kofi, sannan a tace. In za a ajiye ganyen, a shanya shi a inuwa, a zuba a kwalba mai murfi.

Melisa na sa gyangyaɗi, don haka direban da zai hau hanyar Kaduna ya bari sai ya sauka. Mai juna biyu, da yaron da bai kai shekara 12 ba, da mai shan maganin maƙoƙo, su fara tambayar likita. Zazzaɓin damina kuwa, shayin tsauri na iya sa gumi jiki ya ɗan saki, amma ba ya kashe ƙwayar cutar cizon sauro. Wannan sai an je an yi gwajin jini.