Kafin Tuffa Ta Ba da Ruwanta

Bishiyar tuffa ba ta san tattali ba. Idan kaka ta kama a Somerset ko Herefordshire da ke yammacin Ingila, ko Normandi ta Faransa, ko Asturiyas a arewacin Sifaniya, bishiya guda da ta manyanta sai ta zubo da 'ya'yan da gida ɗaya ba zai iya cinyewa ba, cikin 'yan makonni tsakanin Satumba da Nuwamba. Mu da muke sayen tuffa ɗaya-ɗaya a bakin titi, wadda galibi daga Afirka ta Kudu ake shigo da ita, da wuya mu yarda akwai inda take ruɓewa a gindin bishiya ba mai ɗauka. Amma haka abin yake, kuma tun da daɗewa dabarar mutanen can ita ce su matse rarar.

A Ingila da Faransa ana barin ruwan ya tsimu ya zama giya, ita suke kira saida. Har zuwa 1887 manoman Ingila na biyan 'yan ƙodago wani ɓangare na ladansu da ita, kafin doka ta hana. A Amurka kuwa idan an ce saida, ɗanyen ruwan tuffa ake nufi, mai duhu, wanda ba a tace ba kuma bai tsimu ba, yara ma na sha. Khal ɗin tuffa da ake sayarwa a shagunan magungunan Musulunci shi ma daga ruwan nan ya faro. Duka ukun na'ura ɗaya ke fitar da su, kuma mutane da yawa a waɗannan ƙasashe su ke ƙera tasu a bayan gida, da katako da jak ɗin mota.

Wanda bai taɓa yi ba yakan ɗauka ƙarfi ne kan gaba. Ya samo babban jak, ya zuba tuffa a bokiti, ya danna. Abin da zai samu shi ne 'ya'yan da suka fashe da ruwa rabin kofi. Kusan kashi 85 cikin ɗari na tuffa ruwa ne, amma ruwan a kulle yake cikin ƙwayoyin tsokarta masu tauri. Inabi ana iya tattake shi da ƙafa, lemo a matse shi da hannu, tuffa kuwa sai an farfasa ta tukuna. Shi ya sa aikin ya kasu biyu, ɓarza da matsa, kuma na farkon ne ke yanke hukuncin yawan ruwan da za a samu.

A da, manoman Herefordshire na zuba tuffa a wani zagayayyen kwami na dutse, doki na jan ƙaton dutse yana murƙushe ta. Mai aikin gida yau ba ya bukatar doki. Turmi mai tsabta da taɓarya sun isa idan tuffar ba ta wuce buhu guda ba. Masu son sauƙi kan sassaƙa gungumen katako ya zama mulmulalle, su jera masa ƙusoshi marasa tsatsa kawunansu a waje, su sa shi cikin akwati mai bakin zubawa, a juya da hannu ko da ƙaramin moto. Abin lura shi ne ɓarzawa ake so, ba niƙa ba. Idan gutsattsarin sun yi manya, ruwa ya zauna a cikinsu. Idan kuma aka markaɗa ta ta yi laushi, sai ta toshe ƙofofin ƙyalle, ta tsartu ta gefe, ko ta fasa ƙyallen gaba ɗaya. Girman ƙwayar wake ko ƙasa da haka kaɗan shi ne daidai.

Shi mamatsin kansa, idan aka tuɓe masa ado, firam ne mai kusurwa huɗu: ginshiƙai biyu a tsaye, gungume a sama, gungume a ƙasa. Ana ɗora tire a kan na ƙasa, a jera tuffar a cikinsa, a rufe da katako mai kauri, a tsayar da jak tsakanin katakon da gungumen sama. Duk wanda ya taɓa ganin yadda masu garin rogo ke danne buhunan gogaggen rogo da jak ya riga ya ga rabin wannan na'ura. Ba sabuwar hikima ba ce. Romawa sun yi amfani da mamatsi mai murɗawa wajen inabi da zaitun tun ƙarni na farko, sannan a 1795 Joseph Bramah ya yi rajistar mamatsin da ke aiki da matsin ruwa a Ingila, wanda jak ɗin kwalba na yau jikansa ne.

Inda masu ƙira suka fi yin tuntuɓe shi ne manta cewa jak ba ya tura gefe guda. Idan ya danna tuffa da nauyin tan shida, da tan shidan nan yake tura gungumen sama. Ƙusa da gam ba za su riƙe wannan ba. Ginshiƙan su kai kaurin santimita goma ta kowace fuska, gungumen sama kuma a haɗa katako biyu ko uku a tsaye kan kaifinsu, ba a kwance ba, domin katako ya fi jure nauyi ta wannan fuskar. A sassaƙa wa ginshiƙan gurbi gungumen ya zauna ciki, sannan a ratsa su da manyan noti. Inda kan jak zai taɓa, a liƙa farantin ƙarfe, in ba haka ba kan zai nutse cikin katakon ya tsaga shi. Wanda ke da mai walda a kusa ya yi firam ɗin da ƙarfe, tunda ruwa ba ya taɓa shi. Firam ɗin katako da ya fara ƙara yana ba da gargaɗi ne, a sassauta jak a duba.

Sai lissafi, wanda ba shi da wuya amma shi ke raba mamatsi mai aiki da kayan ado. Abin da tuffa ke ji ba nauyin jak ba ne, rabon da ya faɗa kan kowane ɗan wuri ne. A ce jerin tuffar faɗinsa santimita 35 ne ta kowane gefe, wato murabba'in santimita 1,225. Jak mai tan shida zai ba kowane murabba'i kusan kilo biyar, abin da ya wadatar ga aikin gida. Idan zari ya sa mutum ya faɗaɗa jerin zuwa santimita 50, fili ya zama 2,500, rabon kowane murabba'i ya faɗo ƙasa da kilo biyu da rabi. Jak ɗaya ne, amma matsin ya ragu da rabi. Mai son ƙarin tuffa a zubi ɗaya ya ƙara tsawo, kada ya ƙara faɗi.

Akwai salo biyu na riƙe ɓarzajjen. Na farko kwando ne na sandunan katako da aka ɗaure da zoben ƙarfe, a sa buhun ƙyalle ciki a cika. Ya fi kyan gani a hoto, kuma shi aka fi sayarwa. Matsalarsa ita ce ruwan da ke tsakiya ba shi da hanyar fita: gefe ya matsu ya toshe, ciki ya zauna jiƙe. Na biyu, wanda a ganina ya fi cancantar wahalar kafinta, shi ne na hawa-hawa. Ana ɗora wani buɗaɗɗen akwati mai zurfin santimita shida a kan tire, a shimfiɗa ƙyalle a kai a karkace yadda kusurwoyinsa za su leƙo ta gefuna huɗu, a cika da ɓarzajjen tuffa, a naɗe kusurwoyin su rufe shi, a cire akwatin. An samu ƙunshi guda mai faɗi. A ɗora masa ragar siraran katako, a mayar da akwatin a kai, a yi na biyu, har a kai biyar ko shida. Kowane ƙunshi siriri ne, kowace raga kuma magudana ce, don haka babu ɗigon ruwan da zai yi tafiyar da ta wuce 'yan santimita kafin ya samu mafita. Mutanen Somerset da Devon a da da karan alkama suke raba hawan, na Herefordshire kuma da ƙyallen gashin doki. Yau labulen raga na nailan da aka wanke sosai ya wadatar. Ƙunshi shida masu girman nan na cin tuffa kusan kilo 40, kuma idan an ɓarza da kyau ana samun abin da ya kai lita 25.

Abin da ya fi kowane sashe muhimmanci shi ne kayan da ruwan zai taɓa, kuma a nan mutanen Devon sun biya kuɗin karatu da lafiyarsu. Shekara da shekaru, duk bayan kaka sai wani ciwo ya ɓarke a yankin: murɗar ciki mai tsanani, taurin bayan gida, wasu hannuwansu su shanye, wasu su mutu. Har ciwon ya samu suna da sunan yankin. Likitoci suka ɗora laifin kan tsamin saida. Wani likita ɗan asalin Devon, George Baker, ya ga abin bai hau ba, domin mutanen Herefordshire da Worcestershire ma suna sha, amma ciwon bai addabe su ba. Da ya bincika sai ya gano cewa a Devon ana narka dalma a toshe tsagar kwamin dutse da ita, ana kuma shimfiɗa ta a gadon mamatsi don kada ya yi yoyo. Ruwan tuffa mai tsami ne, yana cin dalmar a hankali. A 1767 ya wallafa bincikensa. Mutanen garinsu ba su gode masa ba, rubuce-rubucen raddi suka yi ta fitarwa don kare mutuncin abin shansu, amma da aka daina amfani da dalmar ciwon ya ja baya. Gubar nan ce dai ta kashe ɗaruruwan yara a ƙauyukan Zamfara a 2010, ko da yake ta hanyar haƙar zinare.

Darasin bai tsaya kan dalma ba. Tagulla da tutiya su ma tsamin na narka su, don haka bokitin kwano da kwanon rufi ba su da wuri a wannan aiki. Baƙin ƙarfe ba ya kisa, amma yana haɗuwa da sinadarin ɓauri da ke cikin tuffa ya mayar da ruwan baƙi mai ɗanɗanon tsatsa. Abin da ya rage shi ne ƙarfe marar tsatsa, da robar da aka yi don abinci, da katako mai tauri marar wari marar ƙaro. Turawa oak da beech suka fi amfani da su. Katakon da aka yi wa maganin gara ko aka shafa wa fenti kada ya kusanci tiren. Shi ma jak yakan yi yoyon mai, don haka a tsayar da shi cikin ɗan faranti.

Matsar kanta ba ta son gaggawa. Tun kafin a taɓa jak, nauyin jerin kaɗai zai sa ruwa ya fara zuba. A buga jak sau biyu ko uku, a tsaya har gudun ya ragu, a ƙara. Wanda ya danna gaba ɗaya zai ga jerin ya karkace ya zame, ko ƙyalle ya fashe. Jak ɗin kwalba ba ya miƙewa da nisa, jerin kuwa zai ragu fiye da rabi, saboda haka a ajiye guntayen katako a kusa: a sauke jak, a cusa gungume, a ci gaba. Rabin sa'a zuwa sa'a guda ba ta yi yawa ba ga zubi ɗaya. Ruwan zai fito ya yi ja nan take saboda iska, wannan ba lalacewa ba ce.

Lalacewa ta gaskiya ba a ganin ta da ido. An daɗe ana zaton tsamin tuffa na kashe ƙwayoyin cuta, har zuwa ƙarshen 1996, lokacin da ɗanyen ruwan tuffa na kamfanin Odwalla ya kwantar da mutum sama da sittin a yammacin Amurka da Kanada, yarinya 'yar wata 16 ta rasu. Ƙwayar E. coli ce, irin da ke fitowa daga kashin dabbobi, kuma tuffar da aka tsinta a ƙasa inda shanu ko barewa suka yi kiwo tana iya ɗauko ta. Daga 1998 hukumar abinci ta Amurka ta wajabta rubuta gargaɗi a jikin duk ruwan da ba a dafa ba. A gida maganin shi ne a wanke tuffa, a ɗumama ruwan ya kai digiri 71, a zuba a kwalabe masu tsabta. Akwai kuma gubar da zafi ba ya kashewa, mai suna patulin, wadda fumfuna ke haifarwa a ruɓaɓɓiyar tuffa. Ita ba ta da magani sai zaɓe: 'yar ƙujewa ba komai, amma duk wadda ta ruɓe ko ta yi fumfuna a jefar da ita.

Da ruwan ya sauka a bokiti, lokaci ya fara tafiya. Akwai yis a fatar tuffa da jikin katakon mamatsi, kuma ba ya jiran izinin kowa. A sanyin kakar Ingila yakan ɗauki kwanaki kafin kumfa ta taso, a wuri mai zafi kuwa kwana ɗaya ko biyu sun isa sukarin ya fara juyewa barasa. Wanda ruwan zaƙi yake so, wanda kuma addininsa bai yarda da ɗayan ba, ya sha a ranar, ko ya dafa, ko ya daskarar a firji ya bar wa kwalbar sarari don kada ta fashe. Tuƙar da ta rage a ƙyalle ana ba dabbobi kaɗan-kaɗan tun tana sabuwa, ko a zuba a ramin taki. Ƙyallayen da ragogin kuma a wanke su a daren, a shanya su bushe sarai kafin a ajiye, domin idan suka kwana da zaƙi a jikinsu, ƙudan tsami da fumfuna za su riga mai gida zuwa zubi na gaba.